Ƙaramin jirgina na lantarki yana rage gudu, yana tsayawa a mararraba: in sayi sabo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara wani ɗan'uwana ya kawo mini saitin ƙaramin jirgin ƙasa na lantarki daga Ingila, an rubuta OO, wato ma'aunin girmansa, a kwalinsa. Na sa kafinta ya yi mini tebur mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4 a ɗakina a Zariya, na shimfiɗa layin, na ƙaro dogo da mararraba uku. Da farko lafiya lau. Tun shigowar hunturu jirgin yake rage gudu in ya je can ƙarshen tebur, yana kuma tsayawa cak a kan mararraba. Sannan tun da na ƙara wani layi da ke zagayawa ya dawo kan na farko, akwatin wutar yake yankewa. Ina tunanin sayen sabon kan jirgi da tsarin DCC, wanda ake aika wa kowane kan jirgi umarninsa ta cikin wutar dogo, daga nan in gina tsauni da tasha irin tamu ta Zariya. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Abubuwa uku ka lissafa, kowanne da sababinsa daban, kuma a iya abin da na gani cikin shekarun da na yi ina shimfiɗa irin waɗannan layuka ina kwance su, da wuya ko ɗaya ya zama laifin kan jirgin. Ciwon yana kan dogo da wayarin. In ka sayi sabon kai ka ɗora a wannan layin, inda tsohon yake tsayawa nan sabon zai tsaya. DCC kuwa ba ya rufa wa mummunan wayarin asiri, tona shi yake yi.

A irin saitinka, ƙarafan dogon nan biyu su ne wayoyin. Akwatin sarrafawa yana karɓar wutar gida ya sauko da ita, ya ba dogo daga sifili zuwa kamar bolt 12, gwargwadon yadda ka murɗa. Wuta ta bi ƙarfen dama, ta hau ƙafafun jirgi na dama, wasu 'yan siraran ƙarafa da ke goga a bayan ƙafafun su ɗauke ta su kai wa ƙaramin injin da ke ciki, sannan ta sauko ta ƙafafun hagu ta koma gida ta ƙarfen hagu. In ka juya makunnin alƙibla, dama da hagu ne suka yi musanya, sai jirgi ya koma da baya. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi tsinin allura ba, kuma kan jirgin ba shi da nauyin da zai murƙushe datti kamar yadda na gaske yake yi. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɗaga ƙafa. Duk binciken da za mu yi yanzu a kan abu biyu yake: a ina wutar ta yanke, a ina kuma ta haɗe.

Ka fara wanke kan jirgin daga zargi, aikin minti biyu ne. Ka kifa shi a kan tawul mai laushi, ƙafafu a sama, ka cire wayoyin akwatin daga dogo ka taɓa ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a ta hagu, ka murɗa a hankali. In ƙafafun sun fara juyawa tun daga ƙaramar wuta ba tare da fizga ba, injinsa ƙalau yake. Ka bi kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don wani lokaci za ka tarar cikin ƙafafu shida uku ne kawai ke ɗaukar wuta, sauran gashi da zaren darduma sun naɗe bayansu.

Sai dogo. Ka shafa yatsa a kai, za ka ga baƙin layi a fatarka. Ƙurar hunturu ce ta haɗu da maiƙo da ɗan ƙonon tartsatsin da ke tashi tsakanin ƙafa da ƙarfe. Farin tsumman auduga da ba ya zubar da zare, da ɗan sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi, sun isa. Ka goge saman ƙarfen da gefensa na ciki, ka goge ƙafafun kan jirgi da na taragu duka, domin tarago mai ƙafar roba shi ke kwashe datti ya sake rarraba shi bayan ka gama wahala. Abu biyu nake roƙonka ka nisanta. Samfefa tana barin ƙananan tsagogi a saman ƙarfe, kuma a cikinsu datti zai riƙa kwana daga ranar. Soson ƙarfe ya fi muni, don burbushinsa maganaɗisun injin ke jawowa ciki, ya cinye giya ko ya haɗa wuta. Fetur da tina su ma kada su kusanci layin, suna narkar da robar da ke riƙe da dogo.

In ka share komai jirgin bai daina rage gudu a can ƙarshen tebur ba, kuma na tabbata ba zai daina ba, to mun iso ainihin wurin. Saitin da ake sayarwa a kwali yana ba da wuta ta wuri ɗaya ne tak, sauran layin kuwa ya dogara da 'yan mahaɗan ƙarfen nan da ake zura wa bakin dogo. Aikinsu na asali shi ne su daidaita ƙarfe da ƙarfe. Ɗaukar wuta lalura ce aka ɗora musu. Suna sabo suna damƙe da kyau, amma bayan an cire an mayar, an sha zafi an sha sanyi, sai su saki, ƙura ta shige. Shi kansa ƙarfen dogon, wanda ake yi da gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya, an zaɓe shi ne saboda ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe, amma wajen ɗaukar wuta bai kai kashi ɗaya cikin goma na jan ƙarfe zalla ba. Ka lissafa mahaɗi nawa ne tsakanin akwatinka da ƙarshen tebur. Kowanne yana cin ɗan rabonsa, abin da ya isa can sai ragowa.

Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Mutum ya ɗauko mita ya auna ƙarshen layin, ya ga bolt 12 cif, ya ce ai wuta na zuwa. Mita ba ta jan wuta, don haka ko ta mahaɗin da ya kusa mutuwa za ta nuna maka cikakken lamba. Sai an ɗora kaya ake gane jakin da ke da ciwon baya. Ka samo ƙaramin ƙwan babur mai bolt 12, wat 5, ka liƙa masa wayoyi biyu, ka murɗa akwatin zuwa ƙarshe, ka riƙa taɓa ƙarafan biyu kana tafiya gaba gaɓa bayan gaɓa. Inda hasken ya dushe kwatsam, mahaɗin da ka tsallake yanzun nan shi ne mai laifi. In kana son tabbaci, ka ɗora guntuwar waya ta haɗa ƙarfen da ke gabansa da na bayansa, za ka ga ƙwan ya farfaɗo.

Kana iya matse wannan mahaɗin da filaya ka samu sauƙin wata biyu. Maganin da ke daɗewa shi ne ka sauke wa mahaɗai aikin wuta gaba ɗaya. A ƙarƙashin tebur za ka ja manyan wayoyi biyu su bi hanyar da layin ya bi a sama, ɗaya ja ɗaya baƙa. Wayar wayarin gida mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta wadatar wa tebur irin naka, in kuwa kana da niyyar faɗaɗawa ko komawa DCC ka sa mai 2.5 ka huta. Ka tabbata jan ƙarfe ne na gaske. Kasuwa cike take da wayar da aka yi wa wankan jan ƙarfe a sama kawai, ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka bar ta, ba ta shan dalma yadda ya kamata. Daga waɗannan iyayen wayoyi sai ka riƙa fitar da 'yan sirara, masu kamar rabin milimita murabba'i, gajeru da ba su wuce taƙi ɗaya ba, su huda tebur su hau su kama dogo. Wasu na cewa duk bayan mita ɗaya ya isa. Ni ra'ayina kowane guntun ƙarfe ya samu wayarsa, ko kuwa a liƙe shi da dalma da maƙwabcinsa mai waya. Aiki ne na yini biyu, ba shi da daɗi, kwanciya ce a ƙarƙashin tebur. Amma tun da na koma yin haka ban sake bin layi ina neman inda wuta ta ɓata ba.

Doka ɗaya ce a nan ba ta da sassauci: launi ɗaya, ƙarfe ɗaya. A layin da yake zagaye, ka ce ja na ƙarfen waje ne, baƙi na ciki, ka rubuta a jikin tebur. Kuma duk lokacin da ka haɗa waya ɗaya, ka kunna ka gwada kafin ka wuce. Wanda ya haɗa ashirin sannan ya kunna ya ga wuta ta haɗe, sai ya kwance ashirin ɗin.

Liƙin da kansa yana son hannu. Ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo mai wat 30 zuwa 40, da siririyar dalma mai ƙaro a cikinta, su ake so. Kada ka yi amfani da ruwan asid na masu liƙin bokiti da radiyeta, zai ci gaba da cin wayar a ɓoye har ta tsinke bayan shekara. Ka kankare gefen ƙarfen na waje, ko ƙasansa in ba ka riga ka kafa shi ba. Gefen ciki hanyar leɓen ƙafa ce, kada dalma ta je can. Ka shafa wa ƙarfen dalma daban, ka shafa wa bakin wayar daban, sannan ka haɗa su ka taɓa da zafi na daƙiƙa biyu ko uku. Sabon hannu yakan ji tsoron zafi ya ɗauki ƙarfe mai sanyi-sanyi, sai ya daɗe a wurin har robar da ke ƙarƙashin dogo ta narke, faɗin layi ya canza. Zafi sosai na ɗan lokaci ya fi. Auduga jiƙaƙƙiya a dama da hagu na wurin tana tare zafin. Liƙin da ya yi kyau yana sheƙi, kuma in ka ja wayar ba ta fita.

Yanzu mararraba. Akasarin waɗanda ke zuwa da saiti an yi su ne yadda wuta za ta bi inda aka karkata layi, kuma tana wucewa ne ta wurin da siririn harshen nan mai motsi ya jingina da ƙarfen gefe. Wannan jinginar ba ta da ƙarfi. Ƙura kaɗan ta shiga tsakani, duk abin da ke gaba ya mutu. Ka jiƙa ɗan kati da sifirit ka zura tsakanin harshen da ƙarfen, ka rufe a kansa, ka ja a hankali. Sau da yawa shi ke nan. Sannan akwai tsinin nan mai siffar V inda ƙarafa biyu ke gicciye, wanda masu wannan sana'a a Ingila da Amurka ke kira kwaɗo. Kamfanin Peco na Ingila yana da mai tsinin roba, Insulfrog, da mai tsinin ƙarfe, Electrofrog, da wani sabo da ya haɗa halayen biyun, Unifrog. A mai roba, ƙafar da ta hau tsinin ba ta samun wuta ko kaɗan. Babban kai mai ƙafafu da yawa ba ya ma sanin ya wuce, amma ƙaramin kai mai ƙafa huɗu, in ɗaya tana kan roba, ɗayar ta gefen nan kuma ta ɗan ɗaga saboda mararrabar ba ta kwanta daidai ba, sai ya tsaya cak kamar yadda ka kwatanta. Ka ɗora rula ta ƙarfe a kanta ka duba ko akwai tudu a tsakiya. Ƙusa da aka buga da ƙarfi fiye da kima ita ke yawan lanƙwasa mararraba.

Mai tsinin ƙarfe ta fi daɗin tafiyar sannu, amma tana da sharaɗi: ƙarafan nan biyu da suka fito daga V dole a sa musu mahaɗin roba a maimakon na ƙarfe, in ba haka ba, da zarar akwai wuta daga gaba, karkata layi zai haɗa ja da baƙi. Wannan ya shafe ka kai tsaye tunda za ka ƙara wayoyi a ko'ina. Ka duba irin waɗanda ka sayo kafin ka fara. Ka kuma auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafar dama da bayan ta hagu. A OO da HO, wani ma'aunin girma mai dogo iri ɗaya da naka, ana son kamar milimita 14.5. In ta yi kaɗan ko ta yi yawa, jirgi zai riƙa tsalle a mararraba, ko bayan ƙafa ya taɓa harshen da ba nasa ba ya yi tartsatsi. Ana gyarawa da murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta.

Matsalarka ta uku ba lalacewa ba ce, lissafi ne, kuma duk wanda ya yi layin da ke juyo da jirgi ya gamu da ita. Ka ɗora yatsa a kan ƙarfen dama tun kafin mararraba, ka bi shi cikin sabon zagayen kada ka ɗaga. Lokacin da ka dawo kan layin farko za ka ga yatsanka yana kan ƙarfen hagu. Wato ka ɗauki ja ka kai ta ka ɗaura wa baƙa da hannunka. Akwatin da yake yankewa aikinsa yake yi, yana kare kansa daga ƙonewa, kada ka riƙa tilasta masa. Gyaran shi ne ka ware wani yanki na zagayen, ka yanke ƙarafan biyu duka a farkonsa da ƙarshensa da mahaɗan roba huɗu. Yankin ya fi jirginka mafi tsawo tsayi, domin in kai yana fita wutsiya tana shiga a lokaci guda, ƙafafun ƙarfe za su sake haɗa abin da ka raba. Sai ka ba yankin wuta ta makunni mai ƙafa shida, wanda ake gicciya wayoyinsa don ya juya ja da baƙi. Jirgi ya shiga, ka tsayar da shi, ka juya makunnin alƙibla na akwati, ka juya na yankin, ya ci gaba ya fita. A DCC akwai ƙaramar na'ura da ke yin wannan juyin da kanta cikin ƙiftawar ido, kuma wannan yana cikin 'yan wuraren da DCC ke sauƙaƙa wayarin da gaske.

In wata rana wuta ta haɗe ba ka san dalili ba, ka sauke komai daga kan layi tukuna. In ta daina, cikin jiragen ne, ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya. In ba ta daina ba, ka nemi ƙusa ko sukuru da ya faɗa tsakanin ƙarafa. Kuma in kana sayen na hannu, ka kula da kayan Märklin na Jamus masu girman HO. Tsarinsu daban ne: wutar AC, mai kai da komowa, suke amfani da ita, suna ɗaukarta daga 'yan ƙusoshi a tsakiyar layi, ƙarafan biyu kuma gefe ɗaya ne, don haka ƙafafun taragunsu ba a raba dama da hagu ba. Tarago ɗaya irin wannan a kan layinka ya isa ya kashe komai. Kayan kirki ne, amma ba na layinka ba.

Ka ce abin ya fara ne da hunturu, wannan ya sa nake zargin teburin ma. Mutane na ɗauka zafi ne ke miƙar da dogo. Yana yi, amma kaɗan: ƙarfe mai mita ɗaya in zafi ya ƙaru da digiri 20 ba ya ƙara ko rabin milimita. Katako shi ne mai motsi. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. In ka shimfiɗa layi a watan Agusta ka matse gaɓoɓin ƙam, zuwa Janairu teburin ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba, sai dogo ya yi gwiwa ko ya karkace, mahaɗai su saki. Shi ya sa ba na liƙe dukkan gaɓoɓi da dalma. A kwana nakan liƙe don kada lanƙwasar ta karye, a miƙaƙƙen layi kuwa nakan bar tazara mai kaurin kati duk bayan kamar mita ɗaya, wayar ƙasa ta ɗauki nauyin wuta. Ka leƙa ƙarƙashin teburin. In kafinta ya ɗora falle ɗaya na filawud a kan ƙafafu huɗu kawai, tsakiyarsa zai lotsa. Ana son filawud mai milimita 9 zuwa 12 a kan firam mai sanduna duk bayan santimita 30 zuwa 40, a shafa masa fenti ko banish sama da ƙasa da gefuna don ya rage shan danshi, a kuma yi masa maganin gara. Kada rana ta riƙa faɗowa a kansa ta taga, roba ba ta jure ranar Afrilu. Sannan hannun mutum ba ya kaiwa fiye da santimita 60 zuwa 70 cikin sauƙi, teburinka kuwa faɗinsa 122 ne. In ka jingina shi da bango, layin baya ba zai riƙa samun shara ba, kuma ina kyautata zaton can ne jirginka yake rage gudu.

Shi kan jirgin, abin da yake so kaɗan ne. Ka cire gashi da zare da hantsaki, ka tabbata siraran ƙarafan nan suna taɓa bayan ƙafa ko da ƙafar ta matsa gefe. Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, a kan mazaunin sandar ƙafa da na injin, kuma ya zama mai marar kauri da ba ya cin roba. Jiragen da na gyara waɗanda yawan mai ya kashe sun fi waɗanda rashinsa ya kashe. In kana jin ƙas-ƙas sau ɗaya a kowane juyin ƙafa, giyar roba ce ta tsage a kan sandarta, canzawa ake yi.

To DCC fa? Tsari ne mai kyau, ni ma shi nake amfani da shi. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya faro shi, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta mayar da shi ma'aunin bai-ɗaya a shekarun 1990, shi ya sa kayan kamfanoni daban-daban ke aiki tare. A nan dogo yana ɗauke da cikakkiyar wuta koyaushe, kamar bolt 14 zuwa 16 a girman jirginka, kuma umarni yana tafiya a cikin wutar. Kowane kai yana da 'yar na'ura, dikoda, mai lambarta, sabuwa tana zuwa da lamba 3. Amfaninsa shi ne ka tuƙa jirage biyu ko uku a layi ɗaya kowanne da gudunsa, da fitila da sauti. Mai kan jirgi ɗaya bai buƙace shi ba tukuna. Kuma ka lura da abu biyu. Yankewar wuta ta ƙiftawar ido da jirgin yanzu zai tsallake da ƙarfin gudu, a DCC tana iya sa dikoda ta farka daga farko, sauti ya ɗauke. Na biyu ya fi muhimmanci: akwatin DCC yana iya ba da amfiya 2 zuwa 5, in wuta ta haɗe a wuri mai nisa ta siririyar waya ko mataccen mahaɗi, akwatin ba zai gane ba balle ya yanke, sai wurin ya yi ta zafi har roba ta narke. Gwajin da ake yi shi ne a ɗora kwabo a kan ƙarafan biyu a kowane sashe na layi. Dole akwatin ya yanke nan take. Inda bai yanke ba, wayar wurin ba ta isa ba. Kada kuma ka bar kan jirgin da ba shi da dikoda a zaune a kan layin DCC, zai yi ta kuka yana zafi har injin ya ƙone.

Saitinka na Ingila ne, an yi shi don bolt 230, ya dace da wutar gidajenmu. In wata rana aka kawo maka na Amurka, ka karanta jikin akwatin kafin ka jona, da yawa na bolt 120 ne. Ka sa sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta da kuma janareta, ka cire filogi in ka gama. Wutar gida kada ta shiga ƙarƙashin teburin nan ko da wasa, balle tunda wayar da za ka ja irin ta wayarin gida ce. Yara suna shiga wurin.

Tsauni da tasha su jira. Na taɓa zuba tsakuwa na manne ta da gam a kan layin da ban ja wa wayoyi ba, bayan wata huɗu sai da na jiƙa rabinsa da ruwan ɗumi na ɓamɓare, mararraba biyu suka lalace a hannuna. In lokacin ya yi, farin gam na kafinta rabi, ruwa rabi, da ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗiga a kan tsakuwar da aka riga aka fesa wa ruwa, kuma kada ko ɗigo ya taɓa harshen mararraba. In kana son layi ya hau ya tsallake wani, hawan kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. Tsallakewa na buƙatar kamar santimita 7 da rabi, wato kusan mita 4 na hawa, wasu 4 na sauka. Teburinka zai yi wa wannan kaɗan. Gara layin ya zauna a shimfiɗe, tsaunin ya tashi a kansa, da rami mai murfi a baya inda hannu zai shiga.

Maganar tashar Zariya ta faranta mini rai. Layin da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067. Dogon da ke kan teburinka milimita 16.5 ne, wanda a ma'aunin HO, kashi 1 cikin 87, yake wakiltar milimita 1435, irin layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. OO kuwa jikin jirgin 1 cikin 76 ne a kan wannan dogon, saboda injinan lantarki na zamanin da aka faro shi ba sa shiga ƙaramin jikin jiragen Ingila. Mai son tsohon layinmu daidai a ma'aunin HO sai ya nemi dogo mai milimita 12. Ƙaramin layin kuza da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, mai ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957, dogo mai milimita 9 ne ya dace da shi. Ban ce ka kwance abin da ka shimfiɗa ba. Ginin tasha da dandamali da tankin ruwa da bishiyoyin darbejiya su ne za su sa mai kallo ya gane Zariya, ba milimita huɗu ba. Ka je ka ɗauki hotuna, da izinin ma'aikatan wurin, ka auna ƙofa ɗaya, daga ita za ka fitar da sauran. A OO kowace ƙafa ɗaya ta gaske milimita 4 ce, don haka ƙofa mai ƙafa 7 za ta zama milimita 28.

Kafin nan, in ka gama wayoyin da yankin zagayen, ka tuƙa jirgin kullum na mako biyu a mafi ƙarancin gudu, gaba da baya, ta kowace mararraba, da taragu a gaba da kuma a baya. Duk inda ya yi ko ɗan shakku ka sa alama da alli a gefen layin, ka gyara kafin gobe. Ka kuma samo tsohon zanin gado mara nauyi, ka kafa 'yan sanduna a kusurwoyin tebur don kada ya taɓa layin, ka riƙa rufewa duk lokacin da ka tashi, musamman daga Nuwamba zuwa Maris. Allah Ya ba da sa'a.